Akwatin da ba shi da ido: rawar bale da makaɗanta

A wani bikin aure da muka yi a Birni bayan ƙaramar salla, gwaggona ta shiga fili. Ta haura shekara sittin, kuma a zamanin samariya tana cikin waɗanda ake barin aiki a zo kallon rawarsu. Masu bikin ba su kira masu kalangu ba. Yaron nan suka ɗauko mai manyan lasifikoki, wanda ake ce wa dije, da kwamfutarsa cike da waƙoƙi. Gwaggo ta fara a hankali irin na tsofaffin hannu, tana jan ƙafa, tana gyara ɗaurin zane, tana jiran kiɗan ya zo ya same ta. Kiɗa kuwa ya yi gaba abinsa. Daidai lokacin da jikinta ya fara ɗaukar zafi sai waƙar ta ƙare, wata ta faɗo mai gaggawa irin ta ƴan mata. Ta tsaya cak, ta dubi lasifikar, ta dawo ta zauna kusa da ni. Na ce, "Gwaggo, tun yanzu?" Ta ce, "Ɗan nan, akwatin nan ba shi da ido. Da wa zan yi rawa?"

Ba ta taɓa jin labarin gidajen rawa na Paris ko Mosko ba, amma ta taɓo jijiyar wata gardama da aka daɗe ana yi a can: shin wajibi ne a yi rawar bale da makaɗa a zaune suna kiɗa nan take, ko kuwa kiɗan da aka naɗa ya wadatar?

Sai na fara da gyara suna, don kada mu yi ta magana kowa da abin da yake nufi. A nan Nijar, in ka ce bale, dattijo zai tuna ƙungiyoyin rawar gargajiya da ake gasa da su a bukukuwan matasa na zamanin Seyni Kunce. Wannan ma'anar ta bazu a ƙasashen da Faransa ta raina, musamman bayan shaharar ƙungiyar Les Ballets Africains da Fodeba Keita na Gine ya kafa. In ka ce orkes kuma, masu gita da ganguna na zamani za a kawo maka. Abin da nake nufi a nan daban ne. Rawar Turawa ce wadda mata ke yi a kan ƙarshen yatsun ƙafa, maza suna tsalle suna ɗaga su, ana ba da labari ba tare da an furta kalma ko ɗaya ba. Shigar masu yin ta ba irin tamu ba ce, wannan kuma zance ne na wata rana. Orkestira kuwa taron makaɗa ne, sau da yawa mutum sittin zuwa tamanin a manyan wasanni, masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ƙaho na tagulla, masu ganguna, kowa da takardar kiɗansa a gabansa.

A fada aka haifi wannan rawa, kuma wannan yana da muhimmanci ga abin da zai zo a gaba. Daga fadojin Italiya ta shiga Faransa, inda aka yi wani babban wasa a Paris a 1581 wanda masu tarihi ke yawan fara ƙidaya daga gare shi. Sarki Luwi na 14 da kansa yake shiga fili, a 1653 ya fito a matsayin rana, a 1661 kuma ya kafa makarantar rawa ta sarauta. Sarkin kiɗansa Luli da doguwar sanda yake buga ƙasa don makaɗa su riƙe lokaci. A 1687, yana jagorantar wani kiɗan addu'a, ya sauke sandar a kan yatsan ƙafarsa, ciwon ya ruɓe, ya zama ajalinsa. Madugan kiɗa na yau ɗan siririn tsinke suke riƙewa.

To, mene ne aikin madugun nan a wasan bale? A nan ne duk maganar take.

Makaɗan ba a kan dandamali suke zama ba. Akwai wani rami da ake yi tsakanin dandamali da kujerun ƴan kallo, a ciki suke, kuma yawancinsu ba sa ganin masu rawa ko kaɗan. Mai goge zai iya kaɗa wasa ɗaya sau ɗari bai taɓa ganin yadda ake taka shi ba. Mutum ɗaya ne ke tsaye a inda kansa ya leƙo sama, yana ganin dandamali a gabansa da makaɗa a ƙarƙashinsa. Shi ne madugu. Mutum saba'in suna aron idon mutum ɗaya. Wannan ya bambanta da abin da muka sani a gida, inda mai kalangu da kansa yake bin mai rawa, ya matso kusa da ita, ya duƙa ya kalli ƙafarta, ya matse tsarkiya ganga ta kira sunan kakanta. Makaɗinmu yana da ƴancin sauya komai. Madugun bale, a lokacin wasa, ba shi da ikon ƙara ko rage ko da ƙwayar sauti guda daga abin da mawallafi ya rubuta. Abu uku ko huɗu kawai aka bar masa: sauri, nauyi, inda za a ja numfashi, da lokacin da za a sake farawa bayan tafi. Ƙaramin fili ne ƙwarai. Amma rawar duka a cikin wannan ɗan filin take rayuwa.

Ga misali daga wasan gimbiya mai dogon barci, wanda Caikofski ya yi wa kiɗa, Marius Petipa ya tsara rawarsa, aka fara nuna shi a birnin San Pitasbag a 1890. Akwai wurin da gimbiyar ke tsayawa a kan yatsun ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar tana ɗage a baya. Ƴaƴan sarakuna huɗu masu neman aurenta suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya riƙe hannunta. Tsakanin sakin hannun wannan da kama na wancan, sai ta ɗaga hannunta sama ta tsaya ita kaɗai ba madogara. Yau za ta iya samun daidaiton jiki ta tsaya kamar an dasa ta. Gobe ƙafar na iya yin rawa tun daƙiƙar farko. Ita kanta ba ta san wanne zai zo ba sai ta hau. Madugu mai ido yana gani. In ta kafu, sai ya ja kiɗan, ya buɗe mata wuri ta sha ƙamshinta, ƴan kallo su riƙe numfashi. In ya ga tana neman karkata, sai ya ɗan tura makaɗa gaba, hannun ɗan sarki ya iso da wuri, asirinta ya rufu, babu wanda ya san an yi ceto. Kiɗan da aka naɗa tsawonsa ɗaya ne jiya da yau. In ta kafu zai yanke mata jin daɗi, in ta karkata zai bar ta a fili.

Haka tsallen maza. Mai dogon jiki da ke tashi sama sosai yana daɗewa kafin ya sauka, saboda haka yana son a sassauta masa. Gajere mai zafin nama yana son a kora masa. Abin da ke sa gidan kallo ya ɓarke da tafi shi ne bugun ƙarshe na makaɗa ya faɗi daidai da saukar gwiwarsa a ƙasa. In an sami tazarar ƙiftawar ido, ko wanda bai san komai ba game da bale zai ji wani abu ya goce. Ga shi kuma babban kamfani ba mutum ɗaya ke taka rawar jarumi ba. A mako guda mutum uku ko huɗu za su iya karɓa-karɓa, kowa da jikinsa. Shi ya sa madugun kirki yake zuwa ɗakin gwaji ya zauna kusa da mai fiyano, yana rubuta wa kansa cewa wance tana son nan a hankali, wane yana son can da sauri.

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Langa-Langa ya san wannan ilimin ko da bai sa masa suna ba. Makaɗi yana kallon ɗan kokowa tun daga fitowarsa, yana kaɗa masa takensa har ya tsuma. In an sarƙe sai kiɗa ya ɗaure, in an yi kaye sai ya fashe. A naɗi wannan kiɗan a saka shi gobe a wata karawa, za a ji sauti iri ɗaya, amma zai fashe alhali ba wanda ya faɗi.

Wani zai ce to ai kiɗa ne ke bin rawa ke nan. Ba haka kawai ba ne, kuma masu sana'ar kansu sun daɗe suna jan igiyar nan. A ƙarni na 19 a Rasha mai tsara rawa ne ke ba da umarni. Petipa yakan rubuta wa mawallafi adadin gaɓoɓin kiɗa da yake so da irin takun da za a yi a kansu, kamar mai ba tela awo, kuma Caikofski da duk girmansa ya karɓi awon ya ɗinka. Wasan Caikofski na tafkin fararen tsuntsaye, wanda Faransawa ke kira Le Lac des cygnes, an fara shi a gidan Bolshoi na Mosko a 1877 bai yi wani tashe ba. Sai a 1895, shekara ɗaya da ƴan watanni bayan rasuwarsa, Petipa da Lev Ivanov suka sake tsara shi, madugu Rikardo Drigo ya yanke nan ya sauya can don kiɗan ya zauna wa ƙafa. Wannan shi ne tushen wanda duniya ke kallo yau. A cikinsa ne ake yin juyi 32 a kan ƙafa ɗaya ba tsayawa, abin da ƴar Italiya Pierina Legnani ta shahara da shi. Wani abin sha'awa, muryar da ke kukan tsuntsuwar a wasan wata abar busa ce da ake kira obuwa, wadda ƴar'uwar algaita ce ta jini, dukansu da tagwayen ƴan karare a baki ake busa su. Duk lokacin da na ji ta sai in tuna ƙofar fada da safiyar salla.

A ɗaya ɓangaren akwai masu ganin an wuce gona da iri wajen lallashin masu rawa. Makaɗa da yawa suna ƙorafin cewa ana jan kiɗan Caikofski har ya fita daga kamanninsa, don kawai wata ta ɗaga ƙafa ta daɗe. Joj Balancin, wanda ya yi karatun kiɗa kafin ya zama babban mai tsara rawa a kamfanin bale na birnin Niyok, ya juya lamarin. A wurinsa kiɗa ne ƙasa, a kansa ake taka rawa, kuma an san shi da son sauri. Ke nan ko da makaɗa suna nan a zaune, ba kullum ake samun jituwa ba. Akwai madugun da kansa ke duƙe a takarda bai ɗago ya dubi dandamali ba. Irin wannan ya fi akwati cutarwa, domin akwati dai an san halinsa, shi kuwa yau ya yi gudu gobe ya yi rarrafe. Masu rawa da yawa in ka matsa musu za su ce gara naɗaɗɗen kiɗan da suka saba da shi da madugun da ba ya kallo. Ina ganin suna da gaskiya, kuma gaskiyar tasu ita ce ke ƙara tabbatar da maganar gwaggo: abin da ake saye da kuɗin makaɗa ido ne, in ba a samu idon ba an yi asara.

Daren 29 ga Mayu 1913 ya nuna wani gefen abin. A wani gidan wasa na Paris aka fara nuna sabon wasan bikin bazara wanda Istirabinski ya yi wa kiɗa, Nijinski ya tsara rawar, Piyer Monto yana jagorantar makaɗa. Kiɗan da rawar sun yi wa ƴan kallo baƙunci har suka kaure da ihu da gardama, masu rawa suka daina jin makaɗa. Nijinski ya hau kujera a gefen dandamali yana ƙwala musu ƙidaya, Monto kuwa ya ci gaba da kaɗa tsinkensa har aka kai ƙarshe. Ƴan kallo, makaɗa da masu rawa duk suna cikin ɗaki ɗaya, kowa yana iya taɓa kowa. Haɗari ne, amma shi ne abin da ke raba zuwa gidan wasa da kallon bidiyo a waya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato kuɗi. A 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, sun bayyana ciwon da ke cin irin waɗannan sana'o'i. A sauran ayyuka inji yana rage hannu. Hatsin da mata goma za su wuni suna daka, injin niƙa zai gama shi kafin a sha shayi. Amma kiɗan da aka rubuta wa mutum saba'in a 1890, yau ma mutum saba'in yake buƙata, na tsawon sa'o'in nan dai. Albashi yana hawa tare da tsadar rayuwa, aikin kuwa ba ya raguwa. Ƙara da kuɗin gwaji, da na mota da masauki in za a zaga garuruwa. Duk shugaban kamfanin da ya zauna da takardar lissafi, idonsa a kan ramin makaɗa zai fara sauka, domin shi kaɗai ne ake iya maye gurbinsa da waya ɗaya da lasifika. Masu rawa ba su da madadi.

Haka kuwa aka yi ta yi. Kamfanin bale na Atlanta a Amurka ya sallami makaɗansa a 2006 ya koma naɗaɗɗen kiɗa, makaɗan suka fito zanga-zanga a ƙofar gidan wasa. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 wasu kamfanonin ƙasar sun bi sahu. A Ingila, kamfanin Northern Ballet na birnin Lids ya sanar a 2023 cewa a wasu tafiye-tafiyensa zai yi amfani da naɗaɗɗen kiɗa, ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta tashi tsaye a kai. A duk waɗannan wurare ba a ce kiɗan akwati ya fi daɗi ba. Cewa aka yi aljihu ya gaza.

In ka duba inda makaɗa suka tsira, sai ka ga wuraren da ke da uban gida ne. Gidan opera na Paris da Bolshoi da Mariinski na San Pitasbag gwamnati ke ɗauke da babban kaso na nauyinsu. A nahiyarmu ma gidan opera na Alƙahira, wanda ke da ƙungiyar bale da makaɗansa, na hukuma ne. Sana'ar da aka haifa a fada har yau ba ta koyi rayuwa da kuɗin ƙofa kaɗai ba. Mu ma a Damagaram haka ne. Ranar hawan salla ba wanda ya taɓa tunanin ɗora lasifika a amalanke ta bi bayan Sarki. Kakaki da algaita da tambura suna nan, domin sarauta ta ɗauke su cikin darajarta, kuma doki ba ya tafiya da saurin kaset. Amma gidan biki, inda uban amarya ke ƙirga kowace jika, can ne mai kalangu ya fara rasa wurin zama. Ban ga laifin uban amarya ba. Dije kuɗinsa a yanke yake, makaɗa kuwa ga sallama ga abinci ga liƙi, kuma ƴan matan amarya waƙoƙin da ke wayoyinsu suke so.

Dole kuma a ba akwati haƙƙinsa. Ba don shi ba, bale da ta tsaya a manyan birane goma sha wani abu na duniya. Ƙananan makarantu a Legas da Nairobi da sauran wurare da waya da ƴar lasifika suke koyar da yara, kuma daga cikinsu an sami waɗanda suka kai manyan makarantun Turai. Da babu gara ba daɗi. Akwai ma sabbin wasanni da tun asali da na'ura aka haɗa kiɗansu, babu abin da orkestira za ta kaɗa a ciki. Wani babban mai tsara rawa na Amurka, Mers Kaningham, ya ma raba auren gaba ɗaya: shi yana tsara rawa a gefe, abokin aikinsa Jon Kej yana haɗa kiɗa a gefe, sai a dandamali suke gamuwa. Wannan hanya ce da aka zaɓa da gangan. Damuwata tana kan tsofaffin wasannin da aka ɗinka su tun farko bisa cewa akwai mai kallo a cikin rami.

Asarar da ta fi ba ni tsoro ba ta bayyana a dare ɗaya. Mai rawar da ya tashi da naɗi guda tun yana yaro, jikinsa yana haddace shi kamar karatun allo. Ya san a daƙiƙa kaza zai juya, saboda haka ba ya buƙatar saurare. Kunne ya yi barci, ƙwaƙwalwa ta karɓi aikin. Ranar da aka haɗa shi da makaɗa na gaske sai ya rikice, ya ce sun ɓata masa kiɗa, alhali kiɗan ne ya zo masa da rai. Ina ganin irin wannan a bukukuwanmu. Yara sun iya taku masu wuya da suka kwafa daga bidiyo, kowa iri ɗaya, a gaɓa ɗaya. A sauya musu kiɗa a tsakiya sai su tsaya suna kallon juna. Mu kuwa an raine mu da cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma wannan magana tana ɗauke da zaton cewa akwai mai sauya kiɗan, akwai kuma mai jin an sauya. A can ɓangaren makaɗa ma sarƙar tana tsinkewa. Jagorancin kiɗan bale ba a koyonsa a littafi, sai an shekara ana zama a rami ana kallon ƙafafu. Kalangu ma gado ne, ɗa yana bin ubansa gidajen biki yana riƙe masa ƙaramar ganga. In ba a kiran uban, ɗan zai nemi kabu-kabu ya hau, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba.

Wasu kamfanonin sun nemi tsaka-tsaki. Ana sake rubuta kiɗan mutum saba'in ya dawo na ashirin ko talatin, wani lokaci ma fiyano ɗaya da goge ɗaya. Sautin yana ramewa, wannan ba musu, wanda ya saba da cikar orkestira zai ji kamar an tsinka masa fura. Ni dai in aka ba ni zaɓi tsakanin makaɗa goma sha biyu masu madugu da naɗin makaɗa ɗari na birnin Balin na Jamus, na farkon zan ɗauka, saboda gimbiyar nan da ke tsaye a kan ƙafa ɗaya.

Ko a gidajen da suka koma naɗi, ba a iya korar ido gaba ɗaya ba. Akwai wani ma'aikaci da ke zaune a bayan fage, yatsansa a kan maɓalli, yana jiran tafi ya lafa, yana jiran mai rawa ta koma wurinta ta ɗaga kai, sannan ya danna. Ikonsa ke nan duka: farawa da tsayarwa. Yaron namu dije shi ma ya lura da abin da ya faru a ranar. Ya bar kwamfutarsa ya zo ya durƙusa gaban gwaggo ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri. In maido miki ita daga farko?" Ta dube shi, ta zaro dala ashirin daga bakin zane ta liƙa masa a goshi, ta ce ya je ya sa wa yara tasu.